Tsohon Abu, Sabon Aiki: Sana'ar Juya Tsofaffin Kaya Su Zama Kayan Ɗaki Da Na Ado



Gabatarwa

Abubuwa uku za a aza a kan faifai tun farkon wannan lacca, domin a kansu dukkan maganar za ta zagaya. Na farko fitila ce aci-bal-bal, wadda mai aikin gwangwani ya yanko daga gwangwanin madara, ya liƙa mata bututun lagwani, ya kai kasuwar ƙauye ya sayar a kan kuɗin da bai kai na kwanon tuwo ba. Na biyu mayafi ne na faci-faci, wanda wata baƙar mace a Jihar Alabama ta Amurka ta harhaɗa daga tsofaffin wandunan aikin gona, don kada sanyi ya illata mata 'ya'ya, ga shi yau irinsa na rataye a gidan adana kayan fasaha, da mai gadi tsaye a gefe. Na uku wani ƙaton labule ne na dubban marafan kwalabe, waɗanda aka daddaka aka ɗinke da wayar jan ƙarfe a garin Nsukka, aka kuma sha sayar da irinsa a kan kuɗi fiye da dala miliyan ɗaya.

In an duba da kyau, waɗannan mutane uku aiki ɗaya suka yi. Kowannensu ya tsinci abin da wani ya gama da shi, ya dube shi da wani ido dabam, ya ba shi aikin da wanda ya ƙera shi da farko bai taɓa tunani ba. To, me ya sa na farko ake ganinsa matalauci, na ƙarshe kuwa ake yi masa lambar girma? Wace hikima ke cikin wannan aiki, ina iyakarta, kuma wane haɗari ke ɓoye a cikinta? Waɗannan su ne tambayoyin da za a bi.

Rabe Kalmomi

Wajibi ne a fara rabe abubuwa uku waɗanda galibi akan cakuɗa. Akwai gyara, watau a mai da abu bakin aikinsa na dā, kamar yadda gyartai yake ɗinke fasasshiyar ƙwarya ta koma wajen damun fura. Akwai narkarwa ko niƙewa, inda siffar abu take ɓacewa ƙaf, a ɗauki jikinsa kawai a sake zubi. Sa'an nan akwai na uku, wanda shi ne zuciyar wannan lacca, watau a bar wa abu wani sashe na siffarsa, amma a sauya masa aiki ta yadda darajarsa za ta ɗaru a kan ta dā. Wilin mota da ya zama murhu, da tsohuwar ƙofa da ta zama tebur, da tsummokaran atamfa da suka zama shimfiɗar gado, duk a wannan aji suke.

Turawa ba su raɗa wa aji na uku suna ba sai kwanan nan. Cikin 1994 wani injiniya Bajamushe, Reiner Pilz, ya yi ƙorafin yadda ake farfasa tsohon bulo mai kyau a mai da shi tsakuwa da sunan tattali, ya ce wannan juyi ne zuwa ƙasa, abin da ake bukata kuwa juyi ne zuwa sama. Cikin 2002 William McDonough da Michael Braungart suka wallafa littafin Cradle to Cradle, wanda ya yaɗa wannan rabewa a duniya. Daga nan al'adar ta zama ado a biranen Turai da Amurka, inda masu hali suke bin kantunan tsofaffin kaya suna tsintar kujeru da akwatuna da kwalabe, su gyaggyara su ƙawata falo. Sunan ne sabo. Aikin kuwa ya girmi kakannin waɗanda suka raɗa sunan, kuma talakawa ne suka haife shi.

Daga Tilas Zuwa Ado

Tarihin ƙasashe huɗu masu nisa da juna ya nuna hanya ɗaya da wannan sana'a takan bi.

A arewacin Japan, musamman lardin Aomori, sanyi bai bar auduga ta yi ba, saboda haka manoma suka dogara da zaren wata irin rama mai kaushi, da kuma guntayen tsofaffin tufafin auduga da jiragen ruwa ke kawowa daga kudu. Mace takan ɗora maho a kan maho, ta bi su da ɗinki ƙanana a jere, har riga ɗaya ta ratsa kaka da uwa da jika. Sunan waɗannan tufafi boro, ma'anarsa tsumma. Da ƙasar ta yi arziki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai iyalai suka riƙa jin kunyarsu, suna ɓoyewa ko su zubar. Wani mai binciken al'adu, Tanaka Chuzaburo, shi ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana tarawa, har aka buɗe gidan nuna su a Tokyo cikin 2009. Yau masu tara kayan fasaha suna sayen boro da tsada.

A Alabama kuwa, a wani lungu da kogi ya kusa kewayewa, wanda ake kira Gee's Bend, jikokin bayi ne suke zaune a gidajen katako marasa ɗumi. Matansu suka riƙa yayyanka tsofaffin kayan aiki da buhunan gari, suna haɗa mayafai masu zane na ban mamaki, ba tare da bin tsarin kowa ba. Cikin 2002 aka baje kolinsu a gidan fasaha na Houston, daga nan aka kai Niyok, cikin 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan sarki. Amma cikin 2007 wasu daga cikin matan sun kai ƙara kotu a kan haƙƙinsu, gama sun ga kuɗi da suna suna yawo a kan aikinsu, rabonsu kuwa bai gamshe su ba. Wannan batu na wanda ke cin ribar za a sake komowa kansa.

A Ingila yaƙi ne ya kawo tilas. Daga watan Yuni na 1941 har zuwa Maris na 1949 ba a sayen tufa sai da takardar rabo, cikin 1943 kuma gwamnati ta buga ɗan littafi mai suna Make Do and Mend, tana koya wa matan gida yadda za su warware tsohuwar rigar sanyi su sake saƙa, da yadda za su fitar da rigar yaro daga kwat ɗin uba. Abin lura a nan shi ne hukuma ce da kanta ta cire wa maho kunya, ta mai da shi alamar kishin ƙasa.

Misali na huɗu ya fi kusa da gida. Sa'ad da Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadi a Sudan cikin 1881, mabiyansa, waɗanda a cikinsu akwai mutanen yammacin Afirka, sun sa jabba mai maho irin ta masu gudun duniya. Da farko mahon na gaske ne, ramuka yake toshewa. Amma a zamanin Halifa Abdullahi, kafin yaƙin Omdurman na 1898, sai ga teloli suna ɗinka sabuwar jabba fara, su yanko ƙyalle shuɗi da ja da baƙi su jera bisa tsari, dama ta yi daidai da hagu, har ana gane ta shugaba da kyan mahonta.

Hanyar ke nan. Tilas takan haifi dabara, dabara ta zama gwaninta, sa'an nan 'ya'yan masu gwanintar su ji kunyarta su yar, daga baya baƙo ya zo ya tsinta ya sa mata farashi. Duk al'ummar da ta gane inda take a kan wannan hanya, tana iya tsallake zangon zubarwa.

Ƙasar Hausa Da Maƙwabtanta

Bahaushe bai jira kowa ya koya masa wannan aiki ba. Maƙeran fari sun daɗe suna narka kuɗin azurfa na Mariya Tareza, wanda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinsa, suna fitar da zobba da awarwaro da kayan doki. Maƙeran baƙi kuwa, bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911 motoci suka biyo baya, sun sami ƙarfen da ya fi na tama sauƙin samu. Sannu a hankali aka daina haƙar tama da narka ta, sufirin mota ya zama adda da gatari da wuƙa, gama ƙarfensa yana riƙe kaifi. A nan akwai riba, akwai kuma hasara, domin ilmin narka tama ya tafi tare da tsofaffin da suka san shi.

Garwar kananzir mai cin galan huɗu ta zama abin ɗaukar ruwa, har sunanta ya bi masu sana'ar. Gangar mai, in an fasa ta an miƙar, tana ba da ƙofa da akwati da kaskon suya da kwanon gini. Tayar mota ta ba da takalmin da ƙaya ba ta hudawa, tiyub ya ba da guga da igiyar ɗaure kaya. Mata a cikin gida suna warware zaren buhu masu launi su naɗe a kan ciyawa, su fitar da faifai da mafici waɗanda ake jerawa a bango. Yara ma suna ƙera motar langa-langa, da tayoyi na tsohon silifa, wadda ita ce makarantar injiniya ta farko ga da yawa daga cikinsu.

Zubin tukwanen alminiyom, watau sanholo, ya cancanci a tsaya a kansa, ko da yake narkarwa ce, domin ya nuna zurfin ilmin da ke cikin aikin da ake rainawa. Sana'ar ta bazu a yammacin Afirka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun masu koyo waɗanda suke tashi daga gari zuwa gari. Mai zubi yakan sami akwatin katako mai ɓari biyu, ya sa tukunyar da zai kwaikwaya a ciki, ya danƙare ta ciki da waje da yashi mai ɗanshi wanda aka cuɗa da laka. Sa'an nan ya raba akwatin a hankali, ya zare tukunyar, ya mai da ɓarin, sai a sami rami mai siffarta daidai. A gefe guda yaro yana juya wilin keke wanda ke tura iska cikin gawayi, har ƙarfen ya narke, abin da ke faruwa a wajen digiri 660 na ma'aunin santigireti. In yashin ya cika ruwa, tururi zai huda tukunyar. In ya bushe da yawa, zai rufta. Babu ma'auni a hannun mai zubi sai tafinsa da idonsa. Masana sun ƙididdige cewa sake narka alminiyom yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake bukata wajen fitar da sabo daga ma'adini. A kasuwar Katako ta Yamai, da Panteka ta Kaduna, ana iya ganin wannan aiki da ire-irensa a fili, daga hannun 'yan gwangwan har zuwa hannun mai saye.

Maƙwabta ma haka. Masagan Bida suna narka fasassun kwalabe su fitar da ƙarau da duwatsun wuya, launin kwalbar shi ne launin dutsen. Mutanen Krobo na Gana suna daka kwalba ta zama gari, su zuba a ƙananan mazubai na yumɓu, su soka karan ganyen rogo a tsakiya, in an gasa karan ya ƙone ya bar ƙofar zare.

Amma a dubi jeren ɗakin amarya, a nan za a ga zangon kunya. Ƙore masu zane sun ba tasoshi wuri, tasoshi suka ba kwanuka da fanteka da kwalla wuri, su kuma tangaran ya ture su, kabad ɗin gilashi ya biyo baya. Duk sa'ad da yayi ya juya, sai kayan uwa su koma bayan ɗaki, daga nan dillaliya ta ɗauka, ko ɗan gwangwan ya auna a kan sikeli. Tasar da aka yi wata guda ana yi mata zane, sai a saye ta da nauyinta.

Darasin Nsukka

An haifi El Anatsui a garin Anyako na Gana cikin 1944, ya yi karatun fasaha a Kumasi, cikin 1975 kuma ya zo koyarwa a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, inda ya yi fiye da shekara talatin. Tun farko abin da ke kusa da shi yake ɗauka: farantan katako na 'yan kasuwa, da siffar fasassun tukwane, da tsofaffin turame, da marafan gwangwanin madara, da langa-langar da ake gogar rogo da ita. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhun marafan kwalaben barasa an yar a jeji. Ya ajiye su watanni, kana ya gane cewa in an yanke marfi an miƙar da shi an huda gefensa, ana iya ɗinke shi da ɗan'uwansa, dubu su haɗu su yi laushi kamar zane. Cikin 2007 ya lulluɓe fuskar wani tsohon gidan sarauta a birnin Banis na Italiya da irin wannan labule, cikin 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinariya ta bikin fasaha na birnin saboda aikin rayuwarsa, cikin 2023 kuma ya cika babban zauren Tate Modern na Landan.

Me ya raba shi da mai fitila? Hannun mai fitila bai gaza na mataimakan da ke ɗinka marafan ba. Bambancin yana wurare uku. Da farko, ya zaɓi abin da ke ɗauke da labari, gama barasa tana cikin hajojin da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar teku suna musaya da bayi, saboda haka marfin yana magana kafin a taɓa shi. Na biyu, bai ɓoye asalin kayan ba, sunayen da aka buga a kan marafan suna nan ana karantawa. Na uku, aikinsa yana da suna da shekara da rubutaccen bayani, akwai kuma jami'a da gidajen nuni a bayansa. Mai fitila ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan na ƙarshe. Wannan giɓi kuwa ba da masaba ake cike shi ba, da alƙalami ne, alƙalamin kuma yana hannun irin mutanen da ke cikin wannan zaure.

Iyakar Dabara

Kada sha'awar abin ta rufe ido. Akwai masu cewa gyaran tsofaffin kaya zai magance matsalar shara, lissafi kuwa bai goyi bayansu ba. Kasuwar Kantamanto ta Akara tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, inda ake kiran kayan da sunan da ke nufin tufafin mataccen Bature. Ƙungiyar Or Foundation, wadda ke aiki a can, ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ke shiga kasuwar a kowane mako, kimanin kashi 40 cikin 100 kuma su fita a matsayin shara. A cikin kasuwar akwai dubban teloli da marina waɗanda suke ragewa da ƙarawa da sake rini, suna ceto abin da za su iya, amma allura ba ta kamo masana'antar da ke can ƙetare tana ɗinka tufafi masu araha don a sa sau kaɗan a yar. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye babban sashe na kasuwar.

Hukunci a kan gwanjo ma ba abu ne mai sauƙi ba. Yana suturta talaka, yana ciyar da dillalai da teloli a wurare irin su Ƙofar Wambai ta Kano, amma yana gasa da masaƙu da maɗinka na gida. Cikin 2016 ƙasashen gabashin Afirka suka yanke shawarar rage shigo da shi har a daina, Amurka ta matsa musu, sauran suka janye, Ruwanda ta tsaya a kan bakanta, cikin 2018 kuma aka dakatar mata da rangwamen kai tufafi Amurka. Wannan ya nuna cewa bayan kowace dila akwai siyasar ciniki wadda ta fi ƙarfin mai almakashi. Sana'ar juya tsohon abu tana ba da abinci da ado da horon hannu. Rage yawan sharar kuwa aikin doka ne.

Haɗari Biyu

Haɗari na farko na lafiya ne. Tsohon abu yakan zo da tarihin da ido ba ya gani. Wani bincike da aka buga cikin 2014 a kan tukwanen zubi na Kamaru ya sami dalma tana fita daga jikinsu zuwa cikin abin da aka dafa, saboda an haɗa tarkacen injin mota da makamantansu a cikin narkin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma da aka san ba ya cutarwa, yara ƙanana kuma su ne ta fi lalata wa ƙwaƙwalwa. Mutanen arewa sun ga aikinta cikin 2010, sa'ad da yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Tsohon fenti ma yakan ƙunshi dalma, Amurka ba ta hana shi a gidaje ba sai 1978, saboda haka wanda zai kankare tsohuwar ƙofa ko gadon ƙarfe ya jiƙa wurin da ruwa, ya yi a waje, ya rufe hanci, ya nesanta yara. Ganga ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba ta zama mazubin ruwan sha ko ta sha wanki nawa. Tayar da aka mai da ita kaskon fure, in ba a huda gindinta ba, gidan sauro ce. Ƙa'idar gajeriya ce: abin da ba a san asalinsa ba, kada ya kusanci baki.

Haɗari na biyu na tarihi ne. Ba kowane tsohon abu ne ya halatta a yanka ba. Tsakanin 1948 da 1949 gwamnatin mulkin mallaka ta janye mundayen tagulla waɗanda ake ciniki da su kamar kuɗi a gabashin Nijeriya, ta tara fiye da miliyan 32, ta sayar da su a matsayin tarkacen ƙarfe. Haka tasoshi da likkafu da tsofaffin ƙyamare masu ƙusa suke ta shigewa wuta a hannun mutanen da ba su da mugun nufi. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta lissafa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a cikin kayan tarihi, ta kuma hana fitar da shi waje sai da izni. Wanda ya gaji babbar riga mai aska ta kakansa, ya yayyanka ta ya yi matasan kujera, ya sami matashi, amma ya rasa abin da kuɗi ba su dawo da shi.

Saboda haka, kafin a ɗora almakashi ko zarto a kan tsohon abu, akwai tambayoyi huɗu. Shin yana iya komawa aikinsa na dā da ɗan gyara? In haka ne, gyara ya fi. Shin akwai irinsa da yawa, ko kuwa shi kaɗai ya rage? In shi kaɗai ne, a goge shi a ajiye, a rubuta sunan mai shi da garinsu. Me ya taɓa ɗauka, da me kuma aka shafe shi? A ƙarshe, sabon abin da za a fitar zai yi aiki ya daɗe, ko kuwa shara ce aka yi wa fenti, wadda za ta koma juji bayan wata shida? Abin da ya tsallake waɗannan huɗu, a yanka shi da ƙarfin zuciya.

Abin Da Ya Rataya A Wuyan Masu Sauraro

Ga ɗalibai, aikin farko rubutu ne. Kowane ɗalibi yana da gari, kowane gari yana da mai zubi ko mai gwangwani ko tsohuwa mai saƙar faifai. A zauna da su, a rubuta sunayen kayan aikinsu da matakan aikin da Hausa, a ɗauki hoto, a auna. Ɗalibin ilmin sinadarai yana iya gwada tukunya ya gaya wa mai zubi tarkacen da zai ware, ɗalibin zane yana iya kawo sabon fasali, ɗalibin lissafin kuɗi yana iya nuna masa cewa kwana biyun da ya yi a kan aiki suna da farashi. Sharaɗi ɗaya ne, a koyi darasin matan Alabama: sunan mai aiki ya bi aikinsa, rabonsa ya isa hannunsa.

Ga ma'aikatan hukuma, abin yana bayan ofis. Akwai tebura da kujeru da kabad na maɗaci da loko, waɗanda aka jibge rana da ruwa suna ci saboda ƙafa ɗaya ta karye, aka maye gurbinsu da na garin katako, waɗanda damina biyu ke kumbura su. Kafinta ɗaya da ɗan kuɗi kaɗan sun isa su dawo da su. Wanda ba ya gyaruwa, a yi gwanjonsa a fili bisa ƙa'ida, ko a ba makarantun koyon sana'a. In za a ƙawata zauren taro ko masaukin baƙi, a tuna da masu aikin hannu na garin. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa cikin 1959, ya ba masu sana'a rumfuna a harabarsa, suna aiki baƙi na kallo suna saye. Wannan tsari ba ya bukatar kuɗi mai yawa, wuri yake bukata da izni.

Kammalawa

Hausawa suna cewa, a bar tuna baya, gyartai ya ci sarauta. Karin maganar tana yi wa mai sarautar dariya, amma tana kuma tona asirin masu yin ta, domin ta nuna cewa a wurinsu ɗinkin ƙwarya abin ɓoyewa ne. Japanawa sun ɓoye nasu har sai da mutum ɗaya ya bi juji ya ceto. Masu jabba sun mai da maho ado tun suna raye. Malamin Nsukka ya bar sunan kamfani a jikin marfi, duniya ta zo kallo. Fitilar gwangwani da aka fara da ita tana gab da ɓacewa, gama tocila da fitilar hasken rana sun karɓi aikinta, kuma babu laifi a cikin wannan. Laifin shi ne ta ɓace ba a ajiye ko ɗaya ba, ba a kuma rubuta sunan wanda ya ƙera ta ba. Hannun da ya iya fitar da fitila daga gwangwani yana nan a kasuwa, yana jiran wanda zai kawo masa sabon aiki, ya biya shi daidai.